Wai me za mu kira yudaimoniya da Hausa?

Jama'a ina neman taimako. Ina haɗa darasi kan ra'ayoyin masana game da farin ciki sai na zo kan kalmar Aristotle, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, wato eudaimonia, na kasa wucewa. Turawa suna fassara ta da happiness, mu kuma mu bi su mu ce farin ciki, kuma wallahi ba shi ba ne.

Farin ciki abu ne na yanzu-yanzu, alat ya shigo ka washe baki, kafin la'asar an ɗauke wuta ka koma ɓacin rai. Shi kuwa Aristotle nufinsa mutum ya shafe rayuwarsa yana aiki da hankali da kyawun hali, kuma ba a yanke hukuncin a kwana ɗaya, kamar dai yadda muke cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A Girkanci eu na nufin mai kyau, daimon kuma wani ruhi ne da ke tare da mutum. Masana halayyar ɗan Adam ma sun bambanta farin ciki da eudaimonia, Ed Diener a 1984 ya fi duba jin daɗi da gamsuwar da mutum ya ce yana yi, Carol Ryff a 1989 ta kawo ma'auni shida irin su manufa a rayuwa da kyakkyawar mu'amala da mutane.

Wani malami ya ce mu ɗauki sa'ada tunda ita Alfarabi, masanin falsafa Musulmi, ya yi amfani da ita a Larabci. Gaskiya ne malam, amma ka faɗe ta a aji yara su ji sa'a, su zata dace ake nufi. Wadatar zuci kuma ta fi kama da koyarwar Epicurus, wani masanin falsafar Girka, rage buri ka huta.

Da na so cikar rayuwa, sai ƙanwata ta tuntsire da dariya ta ce yaya ai in aka ce wane ya cika sai a fara neman likkafani, na soke ta nan take.

Ni dai yanzu na tsaya kan yin albarka. In tsohuwa ta ce yaron nan ya yi albarka, ba ta nufin yana cikin nishaɗi, wataƙila ma a gajiye yake da ɗawainiyar gida, nufinta ya zama mutum kuma ana amfana da shi. Matsalar kawai albarka a wajenmu daga Allah take, shi kuma Aristotle ya fi jingina abin ga aikin mutum. Wanda ke da wadda ta fi ya kawo kafin Litinin.