Tambaya kan dutsen Gaspra

Ɗalibi: Malamai, don Allah wa ya gano dutsen sararin samaniyar nan mai suna 951 Gaspra, kuma daga ina sunan ya samo asali?

Malamin Falaki: Grigory Neujmin ne ya gano shi a shekarar 1916 daga cibiyar hangen taurari ta Simeis a yankin Kirimiya, ya kuma raɗa masa sunan garin Gaspra da ke gaɓar Bahar Aswad.

Mai Nazari: Bari in ƙara da cewa yana kewaya rana ne tsakanin duniyoyin Mars da Jupiter cikin shekara uku da 'yan watanni. A ganina, abin da ya fi ɗaukaka shi shi ne hotunan da kumbon Galileo ya ɗauka a 1991, waɗanda suka nuna dogon dutse mai cike da ramuka.