Kamun kifin Argungu: gwaninta ce ko sa'a?

Ɗan Birni: Jama'a, zan faɗi wata magana, Kabawan cikinmu su yi haƙuri. Kamun kifin Argungu sa'a ce zalla. Dubban mutane a jere a bakin gulbin Matan Fada, a harba bindiga, su auka ruwa a lokaci guda, ruwan ya dagule ya zama kamar kunu, ba mai ganin tafin hannunsa. Bayan awa guda a ce kowa ya fito. Wanda ya fito da giwan ruwa, kifin ne ya ruɗe ya faɗa komarsa. Ni da ban taɓa su ba, a ba ni koma da gora ina iya cin motar nan da ake ba wanda ya zo na ɗaya.

Jikan Masunta: Yaya, kafin ka ci mota sai ka fara koyon zama kan gora tukuna. Cikinka za ka ɗora a kanta, ƙafafunka na tuƙi, hannuwanka biyu kowanne riƙe da koma. Ka ɗan karkata kaɗan ta juye da kai. Ita ce jirginka, ita ce kuma ma'ajiyar ƙananan kifin da ka kama, ta bakinta kake jefa su. Babban kifi kuwa ba ya yawo a sama. Da ya ji hayaniya gurbi yake nema a ƙasa, sai ka saki gorar ka nutsa ka lalubo shi, ka haɗe komar biyu a kansa. Numfashin da za ka riƙe a nan ba a kasuwa ake sayensa ba.

Ɗan Birni: To ƙanena, in gwaninta ce, me ya sa ba mutum ɗaya ke lashewa duk shekara ba? Ɗan dambe in ya gagara, an san shi, shekara da shekaru yana kisa.

Jikan Masunta: Ɗan dambe mutum ɗaya yake fuskanta. Nan gwanaye sun fi a ƙirga, manyan kifin kuma ƴan kaɗan ne. Ka duba ta ɗaya gefen mana: ka taɓa jin baƙo ɗan kallo ya shiga ya fito da na ɗaya?

Malamar Tarihi: Ku bari in sa baki. Ɗan Birni, kana magana kamar don gasa aka ƙirƙiri abin. Tun kafin a san da kyauta Kabawa na da gyaran ruwa da fashin ruwa, wato a hana su na wani lokaci, sannan a buɗe a rana guda kowa ya shiga. Bikin da muka sani yanzu a 1934 ya soma, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Kifi aka kama don karrama baƙo. Mota da kujerar Makka daga baya suka shigo. Da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016, har da kabanci, wato wasannin ruwa, ta lissafa: tseren kwalekwale, kamun agwagwa, kamun kifi da hannu. Ka je ka kalli mai kamu da hannu tsirara, ka dawo ka ce mana sa'a ce.

Ɗan Birni: Malama, na ji tarihi, amma ba ki amsa ni ba. Ni ranar ƙarshe nake magana a kai, ranar da ake ɗora kifi a sikeli. Kuma tunda an zo nan, a 2008 ba an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya ba, da aka gano kifin tuni ya mutu, daga wani wuri aka shigo da shi? Ina gwanintar a nan?

Jikan Masunta: Wa ya gano? Masunta ne suka duba kifin suka ce wannan bai mutu yau ba, kuma ba daga ruwan nan ya fito ba. Kai da an aje maka shi tafi kawai za ka yi.

Injiniya: Ni duk kun bar inda gizo ke saƙa. Ba gwani ba mai sa'a, in babu kifi a ruwan kowa hannu rabbana zai fito. Abin da ke sa a sami giwan ruwa mai kilo 78 kamar na 2020 shi ne dokar hana su a wannan yanki na gulbin har ranar biki. Kifi irin wannan shekaru yake yi kafin ya kai haka. Kuma ku tuna kafin 2020 an yi kusan shekara 10 ba a yi bikin ba. Sannan ruwan kansa ba yadda kakanni suka san shi yake ba. Akwai dam ɗin Bakolori a kan kogin Sakkwato, akwai na Goronyo a kan Rima, duk a sama da Argungu. Yadda aka saki ruwa daga can, haka zurfin Matan Fada zai kasance a watan Fabrairu ko Maris. Ambaliyar damina da ke malala fadama, inda kifi ke hayayyafa, ita ma dam na rage ta.

Ɗan Birni: Yauwa Injiniya, ka taimake ni. Ashe an tsare kifin ne a wuri guda, an yi kiwonsa, sannan a saki mutane a kansa.

Injiniya: Ban taimake ka ba. Hana su ba kiwo ba ne, ba wanda ke ba shi abinci. Kuma kifi mai nauyin babban mutum, ko a kwami aka aje maka shi, ba za ka fito da shi kai kaɗai ba.

Baba Alhaji: Ɗiyana, duk na ji ku. Ni na yi su tun ina yaro, yanzu ƙarfi ya ƙare sai kallo. Gaskiyar yaron nan ɗaya ce: akwai rabo. Na ga gwanin da duk gari ke ji da shi ya fito da ƴan tarwaɗa da karfasa, wanda bai kai shi ba ya fito da giwa. Amma wanda giwar ta shiga komarsa, in bai iya ba, bugu ɗaya za ta yi da wutsiya ta yaga koma ta wuce, ko ta ja shi ƙasa. Sai ka sa hannu ta marfin kunnenta, ka zura igiya ta fito ta baki, ƴan'uwanka su kama maka, ga mutane na tattaka ka ta ko'ina. Kuma kafin kowa ya sa ƙafa, Sarkin Ruwa ya riga ya shiga ya duba gulbin saboda kada. Wannan aikin gado ne, ba a ba wanda ya zo jiya.

Ɗan Birni: Allah ya ƙara girma, Baba. Ka dai ce akwai rabo, ni shi na riƙe.

Malamar Tarihi: Rabin maganar ka riƙe, ka bar wa Baba rabi.

Jikan Masunta: Yaya, magana ba ta ƙarewa a waya. Akwai gora da koma a gidanmu da ba mai amfani da su. In lokaci ya yi ka zo, masauki a wuyana. Ba sai ka kama giwa ba, ka haye gulbin a kan gora ka dawo, ni zan biya maka kuɗin mota.

Ɗan Birni: Zurfin wurin ya kai nawa?

Jikan Masunta: Au, yanzu kuma zurfi ake tambaya?

Ɗan Birni: Tambaya ce kawai. Injiniya, a watan nawa ka ce ruwan ya fi janyewa?