Raket mai nauyin kai ko mai sauƙin kai: wanne ya dace da mai tsaron gaban raga?

Mai Gaban Raga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina buga badminton, kuma kusan duk wasana na bibbiyu ne, ni a gaban raga, abokin wasana a baya. Raket ɗin da na fara da shi na alminiyam ne, yanzu kuwa ya lanƙwashe ta gefe guda, don haka dole in sake. Na tsaya a kan guda uku na kamfanin Yonex: Arcsaber 11 wanda nauyinsa ya daidaita tsakanin kai da mariƙi, da Nanoflare 700 mai sauƙin kai, da Astrox 88S wanda aka ƙera saboda mai tsaron gaba. Abin da ke damuna shi ne kafaɗata ta dama takan yi tsami idan na wuce awa ɗaya ina wasa, kuma guda ɗaya kawai nake da halin saya. Ina roƙon wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ya gaya mini yadda ya ji shi a hannu, musamman idan ƙwallo ya taho da gudu daidai ƙirji.

Hannun Hagu:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka da waɗannan ukun, ka nemi Astrox 100ZZ kawai. Shi ne irin wanda Viktor Axelsen ya riƙe, mutumin da ya ci zinaren Olamfik a Tokyo, ya sake ci a Paris a 2024. Tun da na koma kansa, idan na sari ƙwallo daga ƙarshen fili sai ka ji ƙara kamar an tsinka bulala.

Dattijon Fili:
Irin wannan shawarar ce ta raba ni da fili wata huɗu, saboda haka ba zan iya gani in yi shiru ba. Ni ma na ga wani gwani a talabijin, na tara kuɗi na sayi irin nasa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin laifin nawa ne da na waɗanda suka zuga ni. Raket ne mai lamba 3U, wato tsakanin giram 85 zuwa 89, kansa da nauyi, sandarsa kuma da tauri ƙwarai, sannan na ce a ɗaure mini zaren a fam 28, wato ma'aunin ƙarfin jan zare, don na ji an ce haka manya suke yi. A makon farko na yi ta murna, domin duk dukan da ya faɗa tsakiyar zaren yakan fita da kyau. Abin da ban lura da shi ba shi ne mafi yawan dukana a gefe yake faɗawa, kuma duk lokacin da haka ta faru, girgizar takan ratsa sandar ta sauka a gwiwar hannuna. Ƙwallon da a dā nake aikawa ƙarshen fili cikin sauƙi sai ya riƙa tsayawa a tsakiya, ni kuma sai in ƙara ƙarfi da kafaɗa don in cike giɓin.

A wata na biyu na wayi gari ba na iya murɗa mabuɗi a ƙofa sai na sa hannu biyu. Likita ya danna wani wuri a bayan gwiwar hannun har na zabura, ya ce jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ce ta gaji, ya hana ni wasa. Ranar da na koma fili, na tarar abokin wasana na shekara biyar ya sami wani. Ban ga laifinsa ba, amma har yau abin yana yi mini ciwo. Yanzu 4U nake riƙewa, wanda bai kai 3U nauyi ba, mai sanda mai ɗan lanƙwasa, a fam 23, kuma ƙwallona ya fi zuwa nesa fiye da lokacin da nake fama da na gwanaye.

Hannun Hagu:
Allah ya ƙara lafiya, Baba, amma da girmamawa nake cewa riƙonka ne ya jawo, ba raket ba. Shekarata uku da nawa, ko sau ɗaya ban ji ciwo ba.

'Yar Bibbiyu:
Kai shekarunka nawa, shi kuma Baba nawa? Sannan kai ɗaiɗai kake bugawa, mai tambaya kuwa ya ce a gaban raga yake tsayawa, kafaɗarsa kuma tana tsami. Malam, ni na yi wata bakwai da Nanoflare 700 bayan na bar mai nauyin kai. Bambancin da na fara ji shi ne a musayar duka mai sauri: ƙwallo yana tahowa ƙirjina, kafin in yi tunani raket ya riga ya iso wurin, da ɗan juyin wuyan hannu da matsa yatsu kawai. Abin da na rasa shi ne nauyin sara daga baya, domin idan juyi ya kai ni ƙarshen fili sai na ƙara himma kafin ƙwallo ya sauka da ƙarfi. Sai dai kada a ɗauka sauƙin kai yana nufin rashin gudu. Satwiksairaj Rankireddy na Indiya ya kafa tarihin sara mai gudun kilomita 565 a awa a 2023, kuma da Nanoflare 1000Z ya yi, wanda shi ma mai sauƙin kai ne. Game da kuɗi kuwa, Arcsaber 11 ne ya fi ƙarfina lokacin da na tambaya.

Sabon Shiga:
Yaya, ina jin an tsawwala miki ne. Arcsaber 11 ɗin da nake da shi bai kai rabin kuɗin da abokina ya biya a kan Nanoflare ɗinsa ba, har da jaka aka haɗo mini.

Mai Ɗaurin Zare:
Ku duba rubutun da ke jikin sandar kafin ku yi musu. Yonex yakan fitar da samfuri ɗaya a matakai huɗu, Pro da Tour da Game da Play, launinsu kusan ɗaya amma kayan ƙirarsu da taurinsu sun bambanta, kuɗinsu ma haka. Mai yiwuwa ɗayanku Pro ya taya, ɗayan kuma Play ya saya. Idan kuwa an rubuta Pro kuma ka same shi a wannan arahar, to ka binciki lambar da aka zana a sandar da kan mariƙin, domin jabu sun yi yawa. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗaurin zare, kuma abin da na gani shi ne mutane suna ɗora wa raket abin da zare ya yi. Zaren BG65 mai kaurin milimita 0.70 yana daɗewa amma dukansa a dushe yake, BG66 Ultimax mai 0.65 kuwa yana da kaifi da amo, sai dai saurin tsinkewa. Ka ɗauki raket guda ka sauya masa waɗannan biyun, za ka rantse ba shi ba ne.

Hannun Hagu:
Malam mai zare, sana'arka daban, wasa daban. Wanda yake zaune a gaban inji bai kamata ya yanke wa 'yan fili hukunci ba.

Mai Ɗaurin Zare:
Duk raket ɗin da ya karye a fili gabana yake zuwa, kuma daga inda zaren ya ci nake gane inda mai shi yake duka. Mafi yawan masu neman fam 28 zarensu kusa da baki yake tsinkewa, ba a tsakiya ba.

Sabon Shiga:
Ashe dai Malam ya san asirin kowa. Daga yau duk wanda ya cika baki a fili sai mu ce ya kawo tsohon zarensa a duba.

Dattijon Fili:
Tunda an zo maganar masu ɗauri, ni ma ina da ƙorafi, ban da kai Malam. Akwai wanda na kai wa raket na ce fam 23, da na karɓo na ƙwanƙwasa zaren a tafin hannuna sai na ji amonsa ya yi sama fiye da yadda na saba. Ya rantse abin da na faɗa ya yi. Bayan mako biyu zoben kan raket ɗin ya tsage ta sama, da na koma kuwa ya ce ai karo na yi da abokin wasa. Ƙananan bututun robar da zare ke bi ta cikinsu ma guda uku sun fashe, bai canza su ba, bai kuma gaya mini ba.

'Yar Bibbiyu:
Karon ma matsala ce mai zaman kanta. Nawa na baya haka ya tafi: ƙwallo ya faɗo tsakiya, na ce nawa ne da babbar murya, abokiyar wasana ta kawo nata duka a kan nawa. Nata ko ƙwarzane bai yi ba, nawa ya rabe biyu. Ta ba ni haƙuri, amma ko tayin raba asarar ba ta yi ba, ni kuma kunya ta hana ni magana. Ina so in ji ra'ayinku, a irin wannan hali wa ya kamata ya biya?

Hannun Hagu:
Babu wanda zai biya. Duk wanda ya shiga wasan bibbiyu ya san da karo.

Mai Ɗaurin Zare:
Ban yarda ba, idan har mutum ya kira ƙwallo kuma an ji shi. Amma akwai abin da zan roƙe ku: idan zare ɗaya ya tsinke, ku yanke sauran nan take, ku fara daga tsakiya, domin jan da ya rage a gefe guda yana karkatar da zoben, daga baya ɗan karo kaɗan ya ƙarasa shi, a zo ana zargin wanda bai ji ba bai gani ba.

Mai Gaban Raga:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na cire 3U daga lissafi, kuma zan tsaya a fam 23 kamar yadda Baba ya yi. Amma har yanzu ban ji daga wanda ya riƙe Astrox 88S ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Shin ɗan nauyin kansa yana taɓa kafaɗa idan wasa ya yi tsawo, ko kuwa bai kai a damu ba?

Sabon Shiga:
Malam mai zare, na duba nawa yanzu, Pro aka rubuta, amma ban ga wata lamba a kan mariƙin ba. A wane gefe ake samunta?