Waɗanda suka taɓa doguwar tafiya a jirgin sama, ku ba mu labarin karon farko

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum. Ƙanena ya samu gurbin karatu a Malesiya, watan gobe zai tashi. Yaron nan ko Abuja bai taɓa zuwa a jirgi ba, Hajiyarmu kuwa tun da biza ta fito barcinta ya ragu. Don Allah ku faɗi abin da kuka gani da idonku, zan karanta musu su biyun.

Alhaji Mai Yadi: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Ni Guwanzu ta ƙasar Sin na fara zuwa sarin kaya. Daga Katsina mota na shiga zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, muka sauka Adis Ababa, daga nan aka ɗauke mu sama da awa 10 ba sauka. Ka gaya wa Hajiya tashi da saukar da ake tsoro 'yan mintoci ne. Zaman shi ne aiki. Gwiwa na dungurin kujerar gaba, na kusa da kai ya yi barci, kana jin nauyin tashinsa. Na cire takalmi don in sha iska, da muka iso ƙafa ta kumbura har sai da na take bayan takalmin na fita da shi haka. Likita ya ce mini dogon zama na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ƙanenka ya nemi kujerar bakin hanya, yana tashi yana ɗan zagayawa, ya yawaita shan ruwa, don iskar ciki busasshiya ce kamar ta hunturu.

Maman Khadija: Ni mahaifiyata na raka asibiti a Indiya. Abin da ya fi ba ta wahala kunne ne lokacin sauka, ta riƙe hannuna tana ta salati. Wata ma'aikaciya ta ba ta alewa ta ce ta riƙa haɗiye miyau, ya buɗe. Akwai sanyi kuma, bargon da suke bayarwa bai ishe ta ba, ƙanenka ya tafi da rigar sanyi a jakar hannu. Magani ma a jakar hannu, tare da takardar likita.

Malam Na Daura: Ɗan'uwa, ni zancen salla ne ya tsaya mini. Wanda ya nufi gabas rana yake tarba, dare sai ya gajarce. Mun ci abinci, an kashe fitilu, ban jima da runtsawa ba na ɗaga murfin taga na ga alfijir ya keto, alhali agogon hannuna na cewa a Daura dare bai yi nisa ba. Da lokacin inda jirgi yake ake aiki, ba na gida ba. Ya yi alwala kafin shiga, don bayin jirgi ƙunci gare shi kuma ba a son a jiƙa ƙasa. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, filayen Doha da Dubai kuma akwai ɗakunan salla masu wurin alwala. Batun salla a zaune kan kujera malamai sun yi magana a kai, ya je wurin malaminsa kafin ranar, kada sai yana sama ya fara tunani.

Auta: Katin rigakafin shawara, wato katin nan rawaya, ya haɗa shi da fasfo. Duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. A gabana aka karɓe wa wata baiwar Allah kwalbar man shanu, har hawaye ta yi. Fawa-banki kuma akasin haka, a hannu ake riƙe shi. Kilishi ya bincika tukuna, ƙasashe da yawa sun hana shiga da nama.

Ɗalibi a Kuwala Lumfur: Yaya, ina can yanzu haka. Wurin canjin jirgi ya fi lura. Lokacin da ke jikin tikiti na garin da kake ciki ne, kuma ana iya sauya ƙofar shiga, idonsa ya kasance kan allo. Malesiya ta riga Najeriya da awa 7. Makon farko ƙarfe ukun dare idona biyu, da rana a aji kuwa barci kamar an ɗaura mini dutse. Ka shaida wa Hajiya in ta ji shiru kada hankalinta ya tashi, takwas ɗin safiyarsa ɗayan darenku ne.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta mata, ta ce a tambaye ku abinci, me zai ci a cikin jirgin?

Alhaji Mai Yadi: A gaishe ta. Ya sa wanda ya yanka masa tikiti ya rubuta abincin Musulmi tun kwana biyu kafin tashi. In ta soya masa gyaɗa ko ta ba shi dabino kaɗan na ci a hanya, ba mai hana shi.