Me ya sa tsuntsun fafin ke raguwa a arewacin Atlantika?

Ɗalibar Kimiyya: Assalamu alaikum. Tun shekarar 2015 hukumar IUCN mai kula da kare halittu ta duniya ta sanya fafin, tsuntsun tekun nan mai baki kala-kala, cikin halittun da ke fuskantar barazana. Shin farauta ce sanadi, ko kuwa wani abu daban?

Malamin Halittu: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Yunwa ce babbar matsalar. Ƙwai ɗaya tak fafin ke yi a shekara, kuma da ƙananan kifaye yake ciyar da ɗansa. Idan ruwan teku ya ɗumama, waɗannan kifaye sukan ragu ko su ƙaura nesa, sai iyayen su yi doguwar tafiya su dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. A tsibiran Rost na Norway an sha samun shekarun da kusan duk 'ya'yan suka mutu a ramukan da aka ƙyanƙyashe su.

Baban Fatima: Malam, a ƙara da kamun kifi na kasuwanci. A 2024 Birtaniya ta haramta kama kifin sandil, ɗaya daga cikin ƙananan kifayen da fafin ke ci, a ruwanta na Tekun Arewa, kuma a ganina matakin ya ma makara.

Malamin Halittu: Haka ne, amma haramcin ba zai sanyaya ruwan ba.