Sirena, Sirina ko Sairina? Sunan jirgi ɗaya a bakin Turawa

Maman Hanif, Manchester:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 'yar magana ce ta tsaya mini a rai. Ina aiki a wani ofishin sayar da tikitin tafiye-tafiye, kuma rabin wayoyin da nake ɗauka na tsofaffin Turawa ne masu son hawa jirgin ruwan shaƙatawa. Akwai wani ƙaramin jirgi na kamfanin Oceania mai suna Sirena. Kalmar Sifaniyanci ce, tana nufin 'yar ruwa, matar nan da ake cewa samanta mutum ƙasanta kifi.

Ranar da na fara ganin sunan a kwamfuta na karanta shi yadda yake a rubuce, Si-re-na. Matar da ke kan waya ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Au, Sirina kike nufi?" kamar dai yadda suke kiran Serena Williams. Da la'asar wani dattijo ya bugo, shi kuma Sairina ya ce. Kafin mako ya zagayo na ajiye nawa na ɗauki Sirina, har wata sabuwar ma'aikaciya na gyara wa. Sai da wata abokiyar aikinmu 'yar Malaga ta ƙasar Sifaniya ta dawo daga wani reshe ta ji ni, ta riƙe haɓa ta ce wa ya ɓata miki baki? Ashe na farkon nan da na yi shi ne daidai. Shekara guda da rabi ina zuba kuskure, ko kunya babu. Akwai wanda ya taɓa cin karo da irin wannan?

Direban Miami:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni tasi nake ja, kuma Asabar da Lahadi aikina kenan, kwaso fasinja daga filin jirgin sama zuwa tashar jiragen ruwa. Garin nan fiye da rabin mutanensa Sifaniyanci suke yi a gida, to kin ga kunnena kullum yana tsakanin baki biyu.

Wata rana na ɗauko mata da miji, tsofaffi, daga jihar Ohayo suka zo. Na ce wane jirgi? Mijin ya ce Sairina. Muka isa inda ake raba motoci, wani ɗan Kuba sanye da rigar nan mai ƙyalli ya leƙo ya tambaye ni, na maimaita abin da aka faɗa mini. Ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya girgiza kai, ya ce yau babu jirgi mai wannan suna. Motoci suka taru a bayana ana ta danna ham. Tsoho ya fara zufa, yana zaton sun yi kuskuren rana. Matar ce ta zazzage jaka ta miƙo takardar shiga jirgi. Mutumin yana gani ya kwashe da dariya, ya ce, "La Sirena!" ya nuna mana hanya da hannu. Da na dawo na tsaya muka gaisa, shi ya faɗa mini cewa da kalmar nan dai suke kiran jiniyar motar asibiti da ta 'yan sanda.

Tun daga ranar ba na tambayar suna da baki. Cewa nake yi a nuna mini takarda.

Ɗan Zangon Takoradi:

Yaya Direba, da ka shiga cikin jirgin da ka ji abin da ya fi haka. Kwantiragi shida na yi a kicin ɗin jiragen shaƙatawa, na fara daga wanke tukwane har na kai ga yankan kayan miya. A ƙasan jirgi ba Turawa ba ne, 'yan Filifin ne da 'yan Honduras da 'yan Indunusiya da Indiyawa. 'Yan Filifin ba sa kuskuren irin wannan suna, don sirena tana cikin harshensu, Sifaniya ta mulke su fiye da shekara 300 kafin 1898.

Wajen sunan garuruwa ake yin abin dariya. Da safe mai sanarwa zai hau lasifika ya ce barkanmu da isowa Porto Valarta. Yana rufe baki wani ɗan Honduras da muke tsayawa gefe ɗaya zai buga ludayi a gindin tukunya ya ce "Bayarta!" sauran su amsa. Puerto Vallarta ta Meziko kenan, l biyun nan ya ake karanta su. Sai Cartagena ta Kolombiya. Masu gari Kartahena suke cewa. Wasu fasinja Kartajina, wasu kuma da suke ganin sun iya sai su ce Kartahenya, su ƙara wata "nya" da babu ita a sunan. Waɗannan sun fi ba 'yan Honduras haushi. Wanda bai sani ba an yafe masa, mai gwaninta ne ake yi wa dariya.

Malamin harshe, Zariya:

Hajiya Maman Hanif, ki daina jin kunya, ba ke kaɗai ba ce. Duk wanda ya yi boko yana da wannan ciwon: an koya mana cewa idan bakinmu ya saɓa da na Bature, namu ne ya karkace.

Abin da ke faruwa a nan tsohon al'amari ne. Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Ingilishi suka gusa daga inda suke. Doguwar i ta koma ai, doguwar e ta koma i, amma rubutu ya tsaya cak bai bi su ba. Shi ya sa mai Ingilishi idan ya ga "si" bakinsa ke kai shi ga sai, idan ya ga "re" ya ce ri. Dattijon da ya ce Sairina ba ganganci ya yi ba, dokar harshensa ya bi har ƙarshe, musamman da yake suna da kalma mai kama da ita, siren, wadda suke farawa da sai.

Sifaniyanci kuwa wasula biyar gare shi, a, e, i, o, u, kuma kowanne sautinsa ɗaya duk inda ya faɗo. Su ne dai biyar ɗin da muke rubuta Hausa da su. Ga kuma wata: su ma ba su bambanta v da b. Mu da muke cewa bidiyo da talabijin ana yi mana dariya, to mutumin Madrid ma haka bakinsa yake. Jirgin da ake rubutawa Vista, Bista yake cewa. Ku 'yan kallon ƙwallo ai kun san Sebiya da Balensiya. Sai harafin j, wanda ya yi kusa da kha ɗin da muka koya a makarantar allo. Wanda ya iya khamisa a bakin alaramma ba zai sha wahalar Juan ba.

Kawu na Southampton:

Malam, na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma ina da ja. Ni a nan garin nake shekara da shekaru, ina aikin ɗora kaya a tashar jirgi. Akwai wani babban jirgi na P&O da ke tashi daga nan tun 2008, sunansa Ventura. Kalmar a Sifaniyanci sa'a take nufi. Kowa a nan Venchura yake cewa, daga fasinja har masu aiki a cikinsa. Idan na tsaya a bakin ƙofa na ce wa tsohuwa kayanki na Bentura ne, wallahi sai ta ɗauka wani jirgin za a kai su. Jirgin nan na Ingila ne, Turawan Ingila suka raɗa masa suna, su ke hawansa. Wa zai zo ya ce musu ba haka ake kiran abinsu ba?

Kuma mu ma mu dubi kanmu. Lagos kalmar Fotugal ce. Bature ya mai da ita Legos, mu muka mai da ita Legas, wasunmu ma Ikko suke cewa. Ban taɓa jin wanda ya je Fotugal neman izini ba.

Malamin harshe, Zariya:

Kawu, ban musa maka ba. A bakin aiki abin da zai kai kaya cikin jirgin da ya dace shi ne daidai. Sai dai ka tuna da hujjar nan taka aka mai da Sakkwato Sokoto, kuma har yau idan baƙo ya ce Keno maimakon Kano sai ka ga Bakano ya ɗaure fuska.

Ƙanwarku daga Maraɗi, ɗaliba a Barcelona:

Ina wuni iyayena da yayyena. Bari in ɗan kare Turawan Ingilishi, don masu Sifaniyanci ma ba kanwar lasa ba ne idan aka juya. Da akwai wani kamfanin jiragen shaƙatawa na nan ƙasar, Pullmantur, wanda ya durƙushe a 2020 lokacin korona. Abin mamaki jiragensa sunayen Ingilishi gare su, Sovereign, Monarch, Zenith, Horizon. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta taɓa hawa na farkon, hotonsa na nan manne a jikin firij ɗinta. Soberein take kiransa, kowane harafi sai ta ba shi haƙƙinsa. Wifi kuwa "wifi" suke cewa yadda yake a rubuce, kuma ba sa iya fara kalma da s da wani baƙi a bayanta sai sun sa e a gaba. Kamar mu da sukuru da sitiyari, sai dai mu a tsakiya muke cusa wasalin.

Ni da na taso da Faransanci matsalata r ce. Wata uku ina kiran sunaye da r ɗin maƙogwaro irin ta Faransawa, malamarmu tana gyara mini. Ranar da ta ji ina waya da innata da Hausa ta tsayar da ni, ta ce ga r ɗin da nake nema nan a bakinki, me ya sa kike ɓoye ta? Wani abin da ya ba ni daɗi kuma, magajin gari a nan alcalde ake ce masa, daga Larabci, tushe ɗaya da alƙalinmu.

Yaya Maman Hanif, shi Sirena ɗin a nan Barcelona aka yi bikin raɗa masa wannan suna a 2016. A Faransa aka ƙera shi a 1999, kuma kafin nan ya amsa R Four, ya amsa Tahitian Princess, ya amsa Ocean Princess. Jirgin da ya sauya suna har sau uku ba na jin Sairina za ta dame shi.

Maman Hanif, Manchester:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, na gwada maganarka. Hajiyarmu tana wajenmu tun azumi, ita yaƙi da jahilci kawai ta yi, Hausar boko take karantawa a hankali. Na rubuta mata sunan a bayan ambulan na miƙa mata. Ta gyara tabarau, ta kai takardar kusa da taga, ta ce, "Sirena. 'Yar gidan wa ce?" Na ɗauka a waya na kunna wa 'yar Malaga, ta ce ko kakarta iyakar abin da za ta faɗa kenan.

Kawu, naka ma na riƙe, Venchura na bar musu abinsu. Amma Sirena na koma gidan jiya. Ɗazu da hantsi wani ya bugo yana son ɗaki mai baranda a Sairina. Na ce to, Sirena, wane wata kake so? Ya ce, "E, abin da na ce kenan."