Me za mu kira "vulnerable communities" a shirin gobe?

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum, malamaina. Gobe da ƙarfe tara zan yi shiri a rediyo kan binciken da ake yi kafin a yanka unguwa ko a fasa titi, domin a san waɗanda aikin zai taɓa musu muhalli da abin yi. Zan kafa misali da Abuja, tun daga dokar 1976 da ta kafa ta, da Gbagyin da aka tasa aka kai Sabon Wuse, har zuwa rusau na 2003 zuwa 2007. Kalmar Turancin nan ta "vulnerable communities", wadda ake kiran irin waɗannan mutane da ita, ita ce ta tsaya mini a wuya.

Mai fassara: "Al'ummomi masu rauni" muke rubutawa, kuma kunne ya riga ya saba da shi.

Tsohon malamin Hausa: Sabo ba hujja ba ne, ɗana. Manomin doya da ke cika rumbunsa kowace kaka ba shi da wani rauni, sai ranar da aka zo aka shafa jan fenti na alamar rusau a bangonsa. Ni na daɗe ina cewa "'yan bakin gaɓa", domin wanda ya gina ɗaki a bakin gaɓa lafiyarsa ƙalau, amma shi ruwa ke fara ci.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, mai sauraro zai ɗauka shirin ambaliya ne.

Wata 'yar jarida daga Maraɗi: A wajenmu "masu ƙaramin ƙarfi" ake ji, sai dai ku mutanen Kano ba kwa karɓar kalma idan ba daga bakinku ta fito ba.

Tsohon malamin Hausa: 'Yata, ni Bakatsine ne, kuma ƙaramin ƙarfi maganar aljihu ce. Ɗan haya mai albashi, wanda ba sunansa a takardar fili, yana iya tashi ba ko sisin diyya.

Mai gabatar da shiri: To, "marasa galihu" fa? Ya ƙunshi wanda ba shi da mai tsaya masa a ofishin filaye.

Tsohon malamin Hausa: Ya fi rauni dama-dama, ko da yake yana jawo tausayi inda ake neman haƙƙi. Ki yi amfani da shi gobe, amma ki ambaci bakin gaɓa ko sau ɗaya ne.

Mai gabatar da shiri: Zan gwada, Baba, idan edita bai soke ba.